Makulli a Tulun Shinkafa

Talata, 5 ga Agusta, da la'asar

Yau na fara taka tsakar gidana tun ranar nan. Yaya Saengda, yayar maigidana, ita ta ɗauko ni daga asibitin garin Nan a bayan babur. Ruwa ya jiƙa mu sharkaf, ita kuma bakinta bai huta ba tun daga kwalta har kan tudu.

Akori-kurar tana nan inda maza suka ɗaga ta daga kan maigidana suka ajiye. Wani ya zuba yashi a wurin. Ban tambayi ko wane ne ba. Ƙarfen gefen dama yana ɗaure tsaf a ƙarƙashin ƙofofi, na hagu kuwa yana kwance cikin laka, kaji na tono a tsakanin notinan. Su ne fa ƙarafan da shi maigidan nawa, Baban Namwan, ya yi ta ɗokin isowarsu kamar yaro da sabon takalmi. Ya ce motar lantarki duk ƙasanta batir ne a shimfiɗe, hanyarmu kuma in damina ta gama cin ta ba abin da ke saura sai duwatsu masu haƙora, gara dutse ya gogi ƙarfe da ya gogi batir.

A asibiti yana magana da nas. Yana magana da likita. Har da tsohon da ke gadon kusa da shi suna hirar zakarun faɗa. Ni ce kaɗai in na shigo sai ya juya fuskarsa bango. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Laraba, da sassafe

Ban ko ɗora ruwan zafi ba sai ga Yaya Saengda da igiyar furanni da ayaba da jan lemo. Ta jera su a gaban motar, ta ja baya da sauri kamar wadda ta ajiye wa kare abinci.

"Kin ga abin da nake faɗa ko? Kowace mota da uwarta a ciki. Shi ƙanena Inkham ya tashi yana huda jikin Mae Yanang, uwar motar, ba sallama ba neman izini."

Na ce, "Yaya, ba huda ya yi ba. Da ramukan notin ta zo daga kamfani."

"To ita ta ce miki ta yarda? Sayar da ita za a yi, tun ba ta ƙarasa shi ba."

A shagon bakin haikali kuma wata maganar ake yi. Wasu sun ce ya ɗan sha barasa, wasu sun ce tsufa ne, ido ya fara. Haba jama'a! Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin motocin garin nan ko ƙumba bai taɓa fasawa ba? Mutumin da ke yi mini faɗa in na bar wuƙa baki sama? Ruwa ba ya tsami banza. Ni dai ina so in san yadda aka yi mota ta sauka daga kan jak ita kaɗai.

Alhamis, da yamma

Ya ci shinkafar da na kai, amma a hannun nas.

Asabar, 9 ga Agusta, da rana

Likita ya ce kafin ƙarshen wata za a iya sallamarsa, da sharaɗin a kai shi gida a hankali, ba jijjiga. Sauran abin da ya faɗa ban tashi rubuta shi ba tukuna.

Motar asibiti ba ta hawa hanyarmu da damina. Babur kuwa ba a ma maganarsa. Tsohuwar motar Kawu Muen in ka shige ta kamar an zuba ka cikin injin markaɗe. Wadda ke tafiya lumui-lumui ita ce tamu, mai kwance a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, kuma ba za ta wuce Kwanar Tsohuwa da gefen hagu tsirara ba, don a nan ne dutsen yake.

Na gaya masa a bakin gado cewa ni zan ƙarasa ɗaura ƙarfen. Na ga kunnensa ya motsa. Bai juyo ba.

Lahadi, da hantsi

Kawu Muen, abokinsa tun suna yara, ya shigo yana jan ƙafa, da wasu ƙafafun ƙarfe biyu a hannu, irin waɗanda ake tokare mota da su in an ɗaga ta. Ya ajiye su a gindin tsani ya ƙi kallona.

"Nasa ne. Tun kafin bikin watsa ruwa na ara. Kin san shi, ba ya iya cewa a dawo masa da abu."

Na ce, "Ka san shi dai, Kawu, shi ya sa ka riƙe."

Ya haɗiye wannan, don ya cancanta. Sai ya tsuguna a wurin yashin yana nuna mini yadda kowa a garin nan yake yi tun zamanin iyayensu: katako a ƙasa, jak a kan katako, dutse a bayan taya, sannan a jefa tsohuwar taya a ƙarƙashi don ko-ta-kwana. Ya ce, "Tayar nan da ya jefa ita ta sa har yau kina da wanda za ki kai wa abinci."

Na ɗauko katakon na wanke. Abin mamaki, bai tsage ba, bai nutse a laka ba. Jak ɗin ma Kawu ya gwada shi da motarsa, ya riƙe gam, ba ya sacewa. Amma a kan katakon akwai karce, sabo fil, ya tafi gefe guda.

"Zamewa ya yi," in ji Kawu. "Kamar an ture shi."

"Wa ya ture shi? Shi kaɗai ne a gidan."

"Tambayi yayar mijinki, ita ke da amsar komai."

Katakon yana nan na jingina shi a ƙofar kicin, ina wucewa ina kallonsa.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

Ga wani sabon abu kuma. Na zura hannu a tulun shinkafa zan ɗebi ta jiƙawa, sai na ji wani abu mai tauri. Makullin motarsa ne, a naɗe cikin leda, an tura shi can ƙasa.

Tulun yana can ƙarshen kicin, bayan gida, wuri mafi nisa daga inda motar take. Mutumin da ke rataye makullinsa a ƙusa ɗaya tun da na aure shi! Ɓarayi yake tsoro? Da rana tsaka, yana gida? Na yi ta juya abin a raina har shinkafar ta kusa kamawa.

Na tambaye shi da na je. Na ce, "Baban Namwan, me makullinka yake yi a cikin shinkafa?" Ya rufe ido, ya yi kamar barci. Na san barcinsa, ba haka yake numfashi ba.

Laraba, da la'asar

Motar nan numfashi take yi. Da ban taɓa kula ba, don kullum shi ke kusa da ita, ni tuƙi kawai nake yi in za ni kasuwa.

Na dawo daga asibiti, na sauka a babur, ina doso ta sai fitilunta suka kyafta, maduban suka buɗe kamar kunnuwan maraƙi, sannan ta yi fuuu a hankali, gefe guda ya ɗan ɗaga, ta daidaita zamanta. Na tsaya baki buɗe. Yaya Saengda tana kan tsani tana tsinke wake, ta ce, "Ahaf! Ni na zo nan da ayabata ko kallona ba ta yi ba. Motar nan ke take so."

Na yi dariya. Rabon da in yi dariya har na manta.

Alhamis, da hantsi

Na ce sai na gane kanta. Na hau da tayar baya a kan katako don ta karkace, na sari gora na kafa a gefenta, na yi zane da gawayi daidai bakin ƙarfen jiki. Sai na tafi na bar ta ta yi barcinta.

Na dawo hannu rabbana, da zani da riga. Shiru, ko motsi. Na zagaya ta, na buga mata ƙofa, na ce mata ina kwana. Shiru. Na aika Kawu Muen ya wuce ta gabanta, ya ce shi tsufansa bai kai a mayar da shi abin gwaji ba, amma ya wuce. Shiru.

Sai na koma na ɗauko jakata, mai makullin babur da nawa makullin motar a zobe ɗaya. Ban ƙarasa wurinta ba ta farka. Fuuu. Zanen gawayin ya rabu da bakin ƙarfen da kusan faɗin yatsu uku.

Na yi tsalle na ce, "Kawu, ka gani? Makulli take ji! In ta ji shi sai ta farka, in ta ga ta karkace sai ta gyara zama. Ashe shi ya sa ya binne nasa a shinkafa, don kada ta motsa yana ƙarƙa—"

Kawu ya cire hularsa, ya mayar, ya ce yana da aiki a gona.

Alhamis, da yamma

Makullan biyu ne.

Juma'a

Ranar nan, ya san ina gonar kofi sai yamma. Hadari ne ya kore mu da rana tsaka. Na saya masa soyayyar ayaba a hanya, mai zafi, ina sauri kada ta huce. Jakar tana kafaɗata.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Asabar

Ban je ba. Na ce wa Yaya Saengda zazzaɓi nake ji, ta kai abincin.

Lahadi

Yau ma ban je ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Zama ba zai ɗaura ƙarfe ba. Na kira 'yarmu Namwan a Chiang Mai, na ce ta nuna mini yadda ake ɗaga motar nan a hana ta motsi. Ban gaya mata dalili ba.

"Mama, ke za ki shiga ƙarƙashi? Kin yi hauka ne?"

"Uwarki nake ko ƙawarki? Duba mini kawai."

Ta sa na juya wayar ga allon gaban mota, ta yi ta cewa danna nan, koma baya, a'a ba nan ba Mama, kai! Can cikin wani lungu, bayan wani lungun, sai ga shi: hoton mota a kan jak. In an danna, jakunkunan iskar sai su kulle, ba hawa ba sauka, ko da makulli ɗari aka zo. Ɗan wannan abin! Babanta ba ya shiri da allon nan, tun da aka kawo motar yake kiransa talabijin. Shi ya gano da kansa cewa tana farkawa, ya yi mata magani irin nasa, ya manta da cewa matarsa tana da ƙafafu.

Ta kuma nuna mini wuraren da ake sa jak. Wurare huɗu ne kawai, kowanne da ɗan rami da ake cusa wata roba mai kama da waina. Ko'ina ban da nan batir ne, in ka ɗora jak ka lotsa shi, ka sayi masifa. Robobin suna nan cikin akwatin kayan aikinsa, ɗaya ta lanƙwashe. Wurin da ya dace ya sa jak ɗinsa ashe. Zan gaya wa masu shagon bakin haikali.

Alhamis, 21 ga Agusta, da la'asar

An yi. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Na ƙi yin aikin a tsakar gida. Na kai ta dandamalin siminti da muke shanyar kofi, wurin a miƙe yake, ba laka. Na danna hoton nan a allo, na sake dubawa, na sa Kawu Muen ya duba. Sannan duk da haka na haɗa makullan biyu na ba Yaya Saengda na ce ta tafi da su haikali kada ta dawo sai na aika.

"Yauwa, yanzu kika yi hankali. Malami zai yi musu tofi."

Na ce to.

Weji a gaba da bayan tayoyin dama, katako na gaske da Kawu ya sassaƙa, ba dutse ba. Roba a raminta, jak a ƙarƙashin roba. Motar nan nauyi gare ta kamar giwa, Kawu yana bugawa yana zaginta da kakanninta. Da ta tashi muka zura ƙafafun ƙarfen nan biyu a inda Namwan ta nuna, muka sassauta jak har nauyin ya zauna a kansu. Na jefa tsohuwar taya a ƙarƙashi. Kawu ya sa kafaɗa ya girgiza motar da iya ƙarfinsa. Ko gezau.

Ya ce, "Ni zan shiga."

Na ce, "Da wannan tumbin? Sai an ƙara ɗaga ta."

Gaskiyar magana ba tumbinsa ba ne. Ina so in kwanta inda ya kwanta in ga abin da ya gani. Na shimfiɗa kwali na zame ciki. Ƙasan motar sumul yake, baƙi, kusa da hancina. Na juya kai gefe, sai na ga daga nan ba abin da mutum ke gani na duniya sai ƙafafu. Ga na Kawu can, yatsunsa a waje. Duk wanda ya doso, ƙafafunsa za ka fara gani. Na daɗe ina kallon wannan ɗan tsukin hasken kafin Kawu ya ce, "Ke, barci kika shiga yi?"

Ya tallafi ƙarfen da gwiwa, ni ina zura notina. Baban Namwan yakan ce kada ka ɗaure ko ɗaya sai duk sun shiga, in ba haka ba na ƙarshe zai ƙi ramin. Haka na yi, duk da hannu, sannan na bi su da doguwar sifanarsa mai cewa ƙas in noti ya ji. Ɗaya ya yi mini gardama, na fitar na sake. Da muka sauke ta Kawu ya hau kan ƙarfen ya yi tsalle kamar yaro, ya ce, "Wannan ko bauna ta hau!"

Yaya Saengda ta dawo da makullan an ɗaura musu farin zare. Na bar shi a kai.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Na tuƙa ta na sauka ni kaɗai. A Kwanar Tsohuwa na ji ƙiiiit, dutsen ya kama gefen hagu, motar ta zame a kansa ta wuce. Na tsaya na leƙa. Karce ne a ƙarfe, batir lafiya lau. Na shafa wurin na ce mata sannu.

Da na shiga ɗakin ya juya bango kamar kullum. Na ja kujera. Na ajiye makullan biyu a kan bargonsa, daidai inda zai ji nauyinsu.

Na ce, "Naka a cikin shinkafa yake. Nawa yana cikin jakata ranar."

Tsohon gadon kusa ya tashi ya ce zai je shan iska, shi da ba ya iya tafiya sai an riƙe shi.

Can sai na ji muryarsa, a dishe, fuskarsa na bango. "Silifas ɗinki shuɗi na gani. Na buɗe baki in ce ki tsaya nan, sai na ji ta yi numfashi."

"Ka sani tun ranar?"

"Ni ne a ƙarƙashi, Buaphan."

Na ce, "Ana can ana cewa ka sha barasa, ana cewa ka tsufa, kai kuma ka yi shiru? Kuma ni ka daina yi mini magana? Ka san irin kwanakin da na yi?"

Sai ya juyo. Ya rame, gemu ya fito masa fari-fari. Ya ce, "Tun da na aure ki na taɓa yi miki ƙarya ta kwana? Kallo ɗaya kike yi mini ki gano. Da na buɗe baki da kin tambaye ni yadda aka yi, da kin gani a fuskata. Shirun kaɗai na iya."

Na kifa kai a kan gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar nan. Ya ɗora hannu a kaina ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ba ke kika shiga ƙarƙashin mota ba matokari ba, ni ne. Kunyar in ce wa Muen ya dawo mini da kayana ta kai ni nan. Kada ki ɗauke mini laifina, ina son abuna."

Na share fuska. Ya kalli baƙin man da ke faratuna.

"Wa ya ɗaure notinan?"

"Ni."

"Sun ce ƙas?"

"Duka."

"Hm," ya ce. "Sai na gani."

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Yana gida tun jiya. Na gaya wa Yaya Saengda komai, sai ta ce ai dama ta faɗa, ta tafi ta dafa mana kaza.

Da safe ya sa Kawu Muen ya ɗauke shi ya kwantar da shi a tabarma gefen motar, tayoyinta duka a ƙasa, wai zai duba aikina. Ya bi notinan ɗaya bayan ɗaya da sifana. Bai sami na ƙarawa ba, sai ya ce na bar yatsun mai a fenti.

Na fito daga kicin da shayinsa, jakata a kafaɗa don zan wuce gona. Sai na ga ƙafafuna sun tsaya da kansu a gindin tsani. Na san an danna hoton a allo, ni na danna. Duk da haka na ɗaga murya.

"Baban Namwan, ga ni nan zuwa! Da makulli!"

"Na ga silifas ɗinki," ya ce. "Taho."